Yadda Ake Tantance Motar Lancia Lambda Kafin a Saye Ta

A cikin motocin doguwar tafiya da aka ƙera a Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da wuya a sami wadda masu tara tsofaffin motoci suke girmamawa kamar Lancia Lambda. An fara nuna ta ga jama'a a baje kolin motoci na birnin Paris a shekarar 1922, aka ci gaba da ƙera ta a birnin Turin na Italiya har zuwa 1931, kuma duka-duka abin da ya fito daga masana'antar kimanin guda 13,000 ne. Yaƙin Duniya na Biyu da tsatsa da masu sayen tsohon ƙarfe sun cinye mafi yawansu, waɗanda suka tsira kuwa kusan kowace ta ratsa hannun mutane da dama, kowanne ya yi mata gyara gwargwadon iliminsa da aljihunsa. Saboda haka darajar Lambda tana wuraren da fenti ba ya nunawa, wato gangar jikin da ke ɗauke da nauyinta, da bulok ɗin injinta, da takardun da ke faɗin inda ta zauna tun ranar da ta bar Turin. Waɗannan ukun su ne ya kamata mai saye ya ba mafi yawan lokacinsa, kuma a kansu wannan bayani zai fi tsayawa.

Abin da ake biyan kuɗi dominsa

Vincenzo Lancia, wanda aka haifa a ƙauyen Fobello a 1881, ya yi suna a matsayin direban tsere na kamfanin Fiat kafin ya kafa nasa kamfanin a Turin a 1906 tare da Claudio Fogolin. A zamaninsa, ƙa'idar ƙera mota ita ce a shimfiɗa shasi mai kaurin ƙarfe biyu, a ɗora inji a kai, sannan masu ƙera bodi su gina ɗakin zama a sama. Lambda ta watsar da wannan tsari. An danna farantan ƙarfe aka haɗa su suka zama gangar jiki guda mai kama da cikin jirgin ruwa, ita ce shasin kuma ita ce bodin, aka bi da farfela ta wani rami a tsakiyar daɓen motar, kujeru suka sauka ƙasa a gefensa biyu. Wannan ya sa motar ta fito gajera a tsaye, doguwa a kwance, marar nauyi idan aka gwada ta da takwarorinta, kuma ita ake lissafawa a matsayin motar kasuwa ta farko da jikinta yake ɗaukar nauyin kansa.

Abu na biyu shi ne ƙafafun gaba. Maimakon sandar ƙarfe guda da ke haɗa tayoyin biyu, kowace taya tana hawa da sauka ita kaɗai a kan wani ginshiƙi da ke tsaye, da sifirin mai murɗi da shokozoba na mai duk a rufe cikin bututu ɗaya. Injiniya Battista Falchetto ne ya zana wannan tsari, kamfanin kuma ya riƙe shi har zuwa motar Appia wadda aka daina ƙerawa a 1963. Na uku shi ne injin, mai silinda huɗu da aka jera a siffar V mai matsattsen baki, wanda kusurwarsa ba ta wuce digiri 13 zuwa 14 ba, ta yadda murfi guda ya rufe silindojin duka, sanda guda kuma a sama take buɗe dukkan bawul. Ga birki a tayoyi huɗu a lokacin da motoci da yawa suke da shi a baya kawai.

Amfanin sanin waɗannan abubuwa ga mai saye a fili yake. Su ne dalilin tsadar motar, kuma su ne sassan da ba a samun safayarsu a kanti. Lambda da aka sauya mata ƙafafun gaba, ko aka dasa mata injin wata mota, ko aka yanke gangar jikinta aka yi mata ƙari da ƙarfen da ba nata ba, ta rasa wani ɓangare na abin da ya sa ake nemanta, ko da ta fi kowace kyan gani.

A fara da sanin zubin motar

An ƙera Lambda a zubi tara, wato rukuni tara bi da bi, kowanne da 'yan sauye-sauyensa, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai iya biyan kuɗin wannan ya tafi da wancan. Zubi na farko ya fito a 1923, guda 400 kacal aka yi, shi ya sa samunsa yake da wuya ƙwarai. Daga na farko zuwa na shida injin yana da girman kimanin cc 2,120 da ƙarfin doki 49. Huɗun farko giya uku gare su, daga na biyar a 1925 aka koma giya huɗu. A zubi na shida aka fara sayar da motar ba tare da bodi ba ga mai son ya kai wa maƙeran bodi na kansa, aka kuma samar da doguwa mai tazarar milimita 3,420 tsakanin tayar gaba da ta baya, bayan ta asali mai 3,100. Zubi na bakwai, daga 1926, ya zo da injin cc 2,370 mai ƙarfin doki 59, na takwas kuma daga 1928 ya kai kimanin cc 2,570 da ƙarfin doki 69, kuma shi ne aka fi yi da yawa, kusan guda 3,900. Na tara, a 1931, guda 500 ne ya rufe jerin.

Daga nan zaɓi ya rabu biyu. Mai son ainihin tunanin Vincenzo Lancia ya nemi ɗaya daga cikin zubin farko mai buɗaɗɗen jiki da rufin tamfol, wanda Italiyawa ke kira torpedo, domin a nan ne gangar jiki mai ɗaukar kanta take a cikakkiyar siffarta. Mai son yin doguwar tafiya a titunan yau ya fi dacewa da na bakwai ko na takwas, saboda ƙarin ƙarfi da giya ta huɗu, sai dai ya sani cewa a zubin ƙarshe-ƙarshe an karkata tsarin zuwa shimfiɗar da za a iya ɗora mata bodi daban, don biyan bukatar masu kuɗin da ke son aikin maƙeran bodi. A ganina torpedo ta farko-farko da ba a taɓa yanka ba ta fi kowace cancantar a neme ta, ko da ba ita ce ta fi gudu ba, domin irinta raguwa take yi kullum, kuma ba a iya mayar da wadda aka riga aka yanka yadda take.

Kada ganin sitiyari a hannun dama ya sa a ɗauka cewa motar an yi ta ne don kasuwar Ingila. Haka kamfanin Lancia yake ƙera motocinsa har ga 'yan Italiya, kuma bai bar wannan al'ada ba sai cikin shekarun 1950.

Takardu kafin tafiya

Kafin a sayi tikitin jirgi don zuwa ganin motar, a nemi mai sayarwa ya aiko da hotunan lambar jikin motar da ta injin da ta giyabos, a ɗauke su kusa cikin haske mai kyau, tare da kwafin duk wata tsohuwar takarda da yake da ita. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin nauyin wannan bukata, wanda ya fara kwana-kwana kuwa ya riga ya ba da amsa. Lambobin nan za a kai wa masana su gwada su da zubin da aka ce motar ta fito, domin injin zubi na takwas a jikin zubi na huɗu abu ne da ake gani sau da yawa. Ba laifi ba ne a karan kansa, tunda masu motocin sun yi haka ne don su ci gaba da hawa, amma dole a bayyana shi, kuma dole farashi ya nuna shi.

Idan motar ta yi rayuwarta a Italiya, akwai rajistar motoci ta ƙasa da ake kira PRA, wadda aka kafa a 1927 kuma ƙungiyar masu motoci ta Italiya, ACI, take gudanarwa. Da tsohuwar lambar motar ana iya neman takardar da ke jera waɗanda suka mallake ta ɗaya bayan ɗaya, kuma babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi a kasuwar Italiya. Lambda da yawa an fitar da su Birtaniya da Ostireliya tun suna sababbi, a can kuma tsofaffin littattafan rajista da mujallun ƙungiyoyi ne madogara. Ƙungiyar Lancia Motor Club ta Birtaniya, wadda ta kasance tun 1947, da Vintage Sports-Car Club da aka kafa a 1934, suna da mambobin da suka san motoci da yawa ɗaya-ɗaya, har su iya cewa wannan an gajarta ta a shekara kaza, waccan kuma an haɗa ta ne daga ragowar motoci biyu. Shiga irin wannan ƙungiya kafin saye, ba bayansa ba, shi ne kuɗi mafi albarka da mai saye zai kashe.

Akwai kuma takardun shaida na zamani, wato katin ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, da shaidar takwararta ta Italiya, ASI, dukansu an kafa su a 1966. Suna da amfani, amma a karanta abin da aka rubuta a cikinsu da kyau, domin kati yana iya tabbatar da cewa motar tsohuwa ce alhali a wani layi ya nuna cewa bodinta sabon ƙira ne.

Gangar jiki

Ranar dubawa, a je da bakanike wanda ya taɓa kwance Lambda da hannunsa, ba wanda ya ƙware a tsofaffin motoci gaba ɗaya kawai ba, a kuma sharɗanta cewa za a ɗaga motar sama, za a cire kujeru da shimfiɗun ƙasa da allunan da ke rufe cikin bangon. Abu na farko shi ne awo. A auna tazarar tayar gaba da ta baya a kowane gefe, a gwada da milimita 3,100 ko 3,420. A Ingila musamman, a shekarun da Lambda take tsohuwar mota mai araha, an sha yanke tsakiyarta a gajarta ta don ta zama motar wasa mai kujera biyu, wasu daga cikin waɗannan kuma daga baya an sake yi musu ƙari don a mayar da su tsawonsu na asali. Dukan aikin biyu suna barin tabo. A bi bangon ciki da fitila daga gaba zuwa baya, ana neman layin walda da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa a inda masana'anta ba ta sa haɗi ba, ko faranti da aka liƙa a kan wani, ko ramukan rage nauyi da siffarsu ta saɓa da ta sauran.

Bayan haka sai tsatsa. A mota mai shasi daban, ruɓewar bodi matsalar kyau ce, amma a Lambda ruɓewar ƙasan bango raunin ƙashin baya ne. Wuraren da ruwa yake kwanciya su ne ƙarƙashin ƙofofi, da gefen ramin farfela, da ƙasan but, da inda sifirin na baya yake kama jiki. A taɓa waɗannan wurare da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai fila a ƙarƙashin fentin, a kuma ƙwanƙwasa a hankali a saurari bambancin amo tsakanin lafiyayyen ƙarfe da wanda ya zama ɓawo. Ƙofofin torpedo ƙanana ne da gangan, don a bar wa bango isasshen ƙarfe a ƙasansu, kuma su ne suke tona asirin gangar jikin da ta gaji. A buɗe su a rufe motar tana ƙasa, sannan a sa jak a ɗaga kusurwa guda, a sake buɗewa. Idan ƙofar da ɗazu ta rufu da yatsa biyu yanzu sai an banka ta, ko ratar da ke gefenta ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, to jikin yana murɗewa fiye da kima, kuma gyaran wannan yana nufin kwance motar gaba ɗaya a kafa ta a kan ma'auni, aikin da kan ɗauki watanni.

Gyaran da aka yi da kyau ba abin gudu ba ne, domin da ƙyar a sami mota mai irin wannan shekaru da walda ba ta taɓa ba. Abin tambaya shi ne wa ya yi, yaushe, kuma ko akwai hotunan aikin tun kafin a shafa fenti.

Ƙafafun gaba

Ginshiƙan nan biyu suna riƙe ne a jikin wani firam na bututun ƙarfe da ya haɗe da kewayen lagireto, don haka duk karon da motar ta taɓa yi ta gaba a nan yake barin alama. A tsaya nesa kaɗan a gabanta a dubi ginshiƙan, ko sun tsaya daidai da juna, sannan a matso a duba mahaɗar bututun ko akwai tsaga ko sabuwar walda. Idan an ɗaga gaban, a kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a girgiza. Ba a rasa ɗan motsi kaɗan, amma ƙara mai kama da bugun ƙarfe da ƙarfe tana nuna cewa ginshiƙin ko abin da ke zamewa a kansa ya cinye. A juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, domin a kan wannan ginshiƙin ne tayar take juyawa, kuma bai kamata a ji ya cije a wani wuri ba. Idan an sauke motar, a danna kowace kusurwa a saki. Ya kamata ta taso ta tsaya, idan ta ci gaba da rawa to man ciki ya ƙare ko shokozoban ya daina aiki. Ɗan danshin mai a jikin bututun alama ce ta cewa ana zuba masa, busasshen bututu ƙayau shi ya fi ba da tsoro.

Inji

Bulok ɗin injin Lambda na alminiyam ne, kuma shekaru masu yawa na zama da ruwa a ciki suna cin alminiyam daga ciki zuwa waje. Wannan da tsagewar murfin silinda su ne cututtukan da aka fi sanin motar da su. A nemi a tarar da injin a sanyaye, a taɓa shi da hannu don tabbatarwa, domin injin da aka ɗumama kafin zuwan baƙo yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙin farko. Kafin a tayar, a zaro ma'aunin baƙin mai a duba, idan man ya yi fari-fari ya yi kauri to ruwa yana shiga cikinsa. A leƙa bakin lagireto ko akwai maiƙo a saman ruwan. A bi jikin bulok ɗin da fitila, musamman kewayen ƙusoshin da ke ɗaure murfin da wuraren da bututun ruwa ke shiga, ana neman farin gari da ya taru ko ɗinkin ƙarfe ko facin walda. Bayan an tayar, a bar shi ya yi zafi sosai a tsaye, a lura ko kumfa tana tasowa a ruwan lagireto ba ƙaƙƙautawa, wadda ke nuna cewa iskar silinda tana kutsawa cikin hanyar ruwa.

Ido kaɗai ba ya wadatarwa a nan. A sa bakanike ya auna matsin kowace silinda, ya kuma matsa iska cikin hanyar ruwa ya ga ko za ta riƙe, in da hali ya zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi. Masu sha'awar motar sun sha haɗa ƙarfi a zuba sababbin murafu da bulok don ceton injunan da suka lalace, kuma mota mai irin wannan sabon sashe takan fi kwanciyar hankali a hanya. Idan aka yi dace mai sayarwa ya ajiye tsohon bulok mai lambar asali, a tabbatar ya shiga cikin ciniki, ko da ya fashe, domin wani ɓangare ne na shaidar motar.

A kan hanya

Mai motar ya fara tuƙawa, mai saye yana gefe yana saurare, sannan su yi musanya. Kafin a tashi a tambayi jerin abubuwan takawa, domin a motoci da yawa na wancan zamani totur yana tsakiyar kuloci da birki, kuma kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Giyar ba ta da na'urar daidaita gudun haƙora irin ta motocin baya-bayan nan, sai an taka kuloci sau biyu, an kuma ɗan ba da wuta lokacin saukowa, don haka gurnanin da baƙon hannu ya jawo ba laifin motar ba ne. Abin lura shi ne giyar da ke fita da kanta idan an ɗaga ƙafa daga totur. Birkin ba na mai ba ne, ƙarfin ƙafa ne yake isa ga tayoyin ta haɗe-haɗen ƙarfe, amma idan an saita shi daidai yana tsayar da motar a miƙe ba tare da fizga gefe ba.

A nemi hanya marar kyau da gangan. Lafiyayyar Lambda tana bin gargada cikin natsuwar da ke ba wanda ya saba da sauran motocin shekarun 1920 mamaki, sitiyarinta ba nauyi, tana shiga kwana ba tare da jikinta ya kwanta ba. Wadda take yawo a titi, ko sitiyarinta yake kaɗawa bayan ta faɗa rami, tana da matsala a ƙafafun gaba ko a gangar jiki, kuma bai kamata a karɓi uzurin cewa haka tsofaffin motoci suke ba.

Abin da ke ɗaga farashi, da inda ake zamewa

Babu abin da ya shafi kasuwar Lambda kamar tseren Mille Miglia, wanda aka riƙa yi daga Brescia zuwa Roma a dawo, tafiyar kimanin kilomita 1,600, tsakanin 1927 da 1957. A karon farko motocin kamfanin OM na Italiya ne suka kwashe matsayi ukun farko, Lambda ta zo ta huɗu da ta biyar, a 1928 kuma ta zo ta uku. Tun 1977 ake sake gudanar da taron a matsayin gasar kiyaye lokaci, kuma ba a karɓar mota sai irin wadda ta shiga tseren na asali. Wannan ya sa duk Lambda da ake ganin za ta samu shiga take ƙara tsada, musamman gajera mai buɗaɗɗen jiki irin wanda maƙerin bodi Casaro na Turin ya yi. A nan ne ake bukatar taka-tsantsan mafi yawa, domin motoci da dama masu wannan siffa a yau sun fara rayuwa ne a matsayin dogaye masu rufi, daga baya aka gajarta su aka yi musu sabon bodi. Irin wannan mota tana iya zama mai daɗin tuƙi, kuma babu aibi a sayenta idan an faɗi gaskiyarta, amma kuɗinta bai kamata ya kusanci na wadda aka haifa a haka ba. Kalmar dillali cewa motar ta cancanci shiga gasar ba hujja ba ce, sai a nemi shaidar rajistar masu shirya gasar, a kuma tuna cewa cancanta daban, samun gurbi daban, tunda masu nema sun fi guraben yawa.

Don sanin farashin da ya dace, a tattara sakamakon gwanjon 'yan shekarun nan daga gidaje irin su Bonhams da RM Sotheby's da Artcurial, a ware su bisa zubi da irin bodi da asalinsa, a kuma lura da waɗanda ba su sayu ba, domin su ma suna faɗin inda kasuwa ta tsaya. A gwanjo akwai kason da gidan yake ɗorawa a kan kuɗin da aka buga guduma, a lissafa shi tun kafin a ɗaga hannu. Zuwa baje kolin Rétromobile a Paris ko Auto e Moto d'Epoca, wanda ya koma Bologna daga Padua a 2023, yana ba mutum damar ganin motoci da yawa kusa da kusa. Game da wadda ke bukatar cikakken gyara kuwa, lissafin kusan kullum ɗaya ne: kuɗin farfaɗo da ita a hannun ƙwararru yakan zarce ratar da ke tsakaninta da lafiyayya, sai fa idan zubin farko ce ko tana da tarihin da ya cancanci wannan asara.

Ciniki da fitar da mota

Yarjejeniyar saye ta ƙunshi lambobin motar duka, da bayanin abin da mai sayarwa ya tabbatar na asali ne, da jerin safaya da takardun da za su biyo ta. Idan motar tana Italiya, a sani cewa dokar kare kayan tarihi ta 2004 ta shafi ababen hawa da suka haura shekara 75, don haka fitar da Lambda daga ƙasar yana bukatar izinin ofishin da ke kula da fitar da kayan tarihi, kuma Tarayyar Turai tana da irin wannan ƙa'ida ga masu tsada da za su bar yankinta. Samun izinin yakan ɗauki lokaci, kuma hukuma tana da ikon hanawa, saboda haka a rubuta a yarjejeniya cewa cikon kuɗi sai takardar ta fito. A ɗauki motar a rufaffiyar babbar mota, da inshorar da aka amince da ƙimarta a rubuce tun daga ranar da ta zama ta mai saye.

Idan ta iso, kada a yi gaggawar kai ta fenti. A zubar da ruwan lagireto a sa mai haɗe da maganin hana cin alminiyam, a sauya baƙin mai da irin wanda masana motar suka ba da shawara, a duba bututun fetur domin fetur na yanzu mai gaurayen etanol yana lalata tsohuwar roba, a cika man ginshiƙan gaba, a kuma duba shekarun tayoyin ko da haƙoransu ba su cinye ba. Daga nan a riƙa fita da ita a kai a kai, tafiyar da za ta isa injin ya yi zafi sosai, ana rubuta duk abin da aka ji ko aka gani a littafi guda tare da rasit na kowane aiki. Bayan shekara guda ana hawa ne mai ita zai san gyaran da take bukata da gaske, kuma duk sashen da aka cire, komai lalacewarsa, a sa masa alama da kwanan wata a ajiye shi tare da takardun motar.